Yawon yini ɗaya zuwa York da garuruwan Kwarin Avon: kwalliya na biyan kuɗin sabulu?

Kamfanonin yawon buɗe ido da ke birnin Perth, a Yammacin Ostireliya, suna kai baƙi garin York a ƙaramar bas, a fita da safe a dawo da yamma. Tafiyar kilomita 97 ce zuwa gabas, kimanin awa ɗaya da rabi. York ne gari na farko da Turawa suka kafa nesa da gaɓar teku a wannan jiha, a 1831, a ƙasar mutanen Ballardong Noongar, 'yan asalin yankin, kuma har yau alkama da tumaki ne arzikinsa.

Abin da ya fi burgewa shi ne titin Avon Terrace, inda tsofaffin gine-ginen dutse da bulo ke jere, ga babban zauren taron gari da aka gina a 1911. Daga nan da ƙafa ake zuwa gadar lilo da ke kan kogin Avon, sai a hau mota zuwa dutsen Mount Brown a hango gonaki iya ganinka. Wannan zagaye yana son awa 3, kuma a nan ne wasu tsare-tsaren ke kasawa: a cusa York da maƙwabtan garuruwan Northam da Toodyay a yini guda, kowane gari ya samu minti 45, yinin ya ƙare a kan hanya. Kafin ka biya, tambayi awa nawa za a yi a York. In bai kai 2 ba, nemi wani.

Lokaci shi ne komai. A Agusta da Satumba kanola, shukar da ake tatsar man girki daga irinta, ke fure, gonaki su yi rawaya kamar an shimfiɗa zane. Direban kirki zai tsaya inda manomi ya ba da izini. Shiga gona haka kawai laifi ne, domin takalmi na ɗauko irin ciyawa da cutar shuka daga wata gona zuwa wata, ga macizai. Daga Disamba zuwa Fabrairu kuwa an gama girbi, sai karmami da zafin da kan wuce digiri 35. Ban ba da shawarar zuwa a lokacin ba.

Cikin garuruwan kewaye, Toodyay ta fi cancanta, saboda tsohon gidan niƙa na Connor's Mill na 1870 da gidan yarin da ya koma gidan tarihi. A Northam, mai nisan kilomita 35 daga York, tsayuwar minti 15 a gaban rumbunan hatsin da aka yi wa zane ta isa.

Mai son tuƙa kansa ya baro kafin magariba, domin lokacin ne kangaru ke tsallaka titi. Jirgin ƙasa na AvonLink yana tsayawa a Toodyay da Northam, amma ba ya zuwa York.