Rada mai magnetron ko ta zamani: wacce za ka ɗora wa jirgin ruwanka?

Alhaji, barka da war haka. Tsakanin rada mai magnetron (wato bututun lantarki da ke samar da siginar da radar ke harbawa) da aka yi maka tayi da ta zamani marar magnetron, ɗauki ta zamanin, ko da sai ka ƙara haƙuri ka cika kuɗin.

Ta zamanin ce a jirgina, Garmin Fantom 18. Wata safiya a lokacin hunturu muna dawowa daga Tarkwa Bay da yara, hazo ya rufe ruwan Legas ruf, manyan jiragen da ke shiga Apapa ma sai dai ƙugin injinsu kake ji. Sai ga ɗan ɗigo ja a allo ta hannun dama, yana matsowa. Na rage wuta, na danna hon. Can sai ga kwale-kwalen masunta, mutum biyu da komarsu, ba fitila ba komai, suka gitta ta gaban hancin jirgi har ina ganin ruwa na ɗiga daga filafilinsu. Jan launin nan aikin wata fasaha ce da ake kira Doppler: abin da ya nufo ka ja, wanda ke nisanta kore, ba sai ka tsaya lissafi ba. Kana kunna ta take kama aiki, tana ganin abin da ke kusa har wajen mita 6, kuma ba ta cin batir sosai. A ruwa mai cunkoso irin namu, na kusa shi ne abin tsoro.

Mai magnetron kuwa, ita na fara amfani da ita. Sai ka jira ta yi zafi kamar minti ɗaya da rabi, na daf da kai ba ta nuna shi da kyau, ga magnetron ɗin yana tsufa sai an canja. Ta fi araha dai, manyanta kuma suna hango tsuntsaye daga nesa, abin da masu kamun kifi a tsakiyar teku ke so.

Kafin ka biya, duba allon taswirar da ke jirginka, don galibi rada da allo sai sun zama na kamfani ɗaya suke aiki tare. Ka kafa ta a sama inda ba abin da zai tare ta. Katako da faiba kuma ba sa fitowa da ƙarfi irin na ƙarfe, saboda haka kada ka ɗauke ido daga ruwa.

Sannan ka yi hattara da masu cewa "kusan sabuwa ce". Wasu daga mataccen jirgi suke ciro ta, su goge murfin ya yi ƙyalli, alhali gishiri ya cinye cikin, wayar ma yankakkiya ce aka haɗa da salatif. A kunna maka ita a kan ruwa, ka ga ta nuna gaɓa da jiragen da idonka ke gani, a rubuta lambarta a rasit. Wanda ya ce sai ka biya kafin gwaji, bar masa kayansa.