Buhun algarara bayan kakar albasa

Algarara ita ce saƙar nan mai kaushi da launin ƙasa-ƙasa wadda ake ɗinka buhu da ita. Zarenta daga ɓawon wata shuka 'yar uwar lalo yake fitowa, wadda aka fi nomawa a Indiya da Bangaladash, kuma jiƙa karan ake yi a ruwa har ɓawon ya saki, kamar yadda iyayenmu ke yi wa rama idan za a tufka igiya.

A kakar da ta wuce na sayi buhunanta a kasuwar Marwa da ke arewacin Kamaru domin lodin albasa zuwa Yawunde da Duwala. Na hannu ne, waɗanda suka taɓa ɗaukar koko a kudu, har da sauran tambari a jikinsu. Abin da ya fi gamsar da ni shi ne iska tana ratsa saƙar. Albasa aba ce mai rai, tana gumi a cikin mota, kuma idan aka toshe ta a buhun leda a zafin watan Afrilu, kafin a wuce Ngaundere ta ƙasa ta fara ruwa. A cikin algarara kuwa ɓawonta ya isa a bushe, yana ƙara idan an taɓa. Wajen jerawa ma buhun ba ya santsi, wani yana riƙe wani, kuma basilla tana shiga bakinsa ba tare da zaren ya warware ba. Wannan ne ya sa masu goro har yau suke naɗe huhu da ita suna yayyafa ruwa, mu kuma a gida wanda ya yage mukan jiƙa shi mu lulluɓe jarka, ruwan ya yi sanyi.

Sai dai ba ta da haƙuri da danshi. Buhunan da suka kwana a daɓen sito da damina ta sauka sun yi baƙi, gindinsu ya ruɓe, gara da ɓera kuma suka ƙarasa. Dole a ɗora su a kan katako, a riƙa shanya su. Sabuwa kuma tana da wani warin mai, don haka ban yarda a zuba gari a cikinta ba.

Wake kuwa zan hana kowa ajiyewa a ciki, domin iskar da ke ceton albasa ita ke raya ƙwaro. Shi buhun PICS, wato buhun leda mai ninki uku da ke hana iska shiga, ya dace da shi, dabarar da aka gwada a nan Marwa tsakanin cibiyar binciken noma ta Kamaru (IRAD) da Jami'ar Purdue ta Amurka.

Ta fi buhun leda tsada da nauyi, amma ga albasa da gyaɗa mai ɓawo zan sake sayenta bana. Mai saye ya ɗaga buhun a rana ya duba gindi da kusurwoyi kafin ya biya, domin a nan ruɓewa ke ɓuya.