Shagon cajin sola na bakin layinmu: abin da ya burge ni da abin da bai yi min ba

Jama'a akwai wani shagon caji a bakin layinmu nan Kano da na daɗe ina son in yi magana a kansa, saboda yanzu duk wanda ka taɓa sai ya ce maka wayarsa ba ta riƙe caji, wai ko shekara ba ta rufa ba batir ya fara zuba. Yawanci kamfanin wayar ake ɗora wa laifi, amma ni a ganina wani kaso mai yawa na matsalar daga inda muke kai wayoyin caji yake fitowa. Ba zan faɗi sunan shagon ko na mai shi ba, bai ma san ina wannan rubutun ba, ni dai kwastoma ne kawai da ke kai wayata da fawa bank ɗina duk lokacin da wuta ta yi nisa, kuma sana'ata a waya take, atamfa da shadda nake sakawa a sitatus ɗin WhatsApp, in waya ta mutu kasuwa ta tsaya.

Shagon ƙaramar kwantena ce, an ɗora farantan sola a samanta, inbata da manyan batira suna ƙasan kanta. Abin da ya fara jan hankalina shi ne yadda mai shagon ya tsara wurin ajiye wayoyin. Kafinta ya sa ya yi masa kanta hawa-hawa, kowace waya da gurbinta, babu wadda take kwance a kan wata, sannan akwai 'yar fanka da ya ɗaure a gefe tana kaɗawa, kuma wayoyin take fuskanta ba shi ba, shi yana zaune a bakin ƙofa yana fifita da kwali. In ka miƙa waya zai manna mata ɗan selotef a baya ya rubuta lamba, ya ba ka kati mai irin lambar, kuma wallahi in ba ka zo da katin nan ba sai ka buɗe wayar a gabansa da hannunka kafin ya sake maka ita, ko ya san ka. Kafin ya jona kuma sai ya cire mata kondom ɗin roba da muke sakawa a baya, ya ajiye shi a ƙarƙashinta, ya ce robar tana riƙe zafi.

Wanda ya saba kai caji wuraren da ake tayar da janareta ya san bambancin da nake nufi. Ekstenshan a kan ekstenshan, igiyoyi sun harɗe, wayoyi an tula su a tebur ɗaya a ƙarƙashin rufin kwano, ga hayaƙin inji ga zafin rana, ka zo karɓar wayarka ka ji ta kamar yanzu aka tsamo ƙosai daga mai. To wannan zafin shi ne babban abin da ke cinye batir. Batiran wayoyin yanzu duk na litiyam ne, kuma shi litiyam abu biyu ne suke saurin tsufar da shi, zafi da kuma daɗewa a cike maƙil, in suka haɗu a lokaci ɗaya to abin ya fi muni. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa kada a bar waya a wurin da zafinsa ya wuce digiri 35, don yana iya rage ƙarfin batir ragewar da ba ta dawowa. Yanzu ka duba Kano a watan Afrilu da Mayu, inda ake haura digiri 40 a inuwa, sannan ka ƙara da zafin da cajin kansa yake haifarwa, musamman wayoyin nan masu caji da sauri na wat 33 ko 45. Shi ya sa wannan 'yar fankar da tazarar da yake bari tsakanin wayoyi ba ƙaramin abu ba ne a wurina, ita ce ma dalilin da ya sa na tsaya a shagon.

Sai maganar caza. Yawancin kawunan cazar da yake amfani da su masu nauyi ne, in ka ɗauka a hannu za ka ji ba fanko ba ne. Akwai wata alama da duk mai waya ya kamata ya sani, in ka jona waya a caza sai sikirin ya fara taɓa kansa, kana danna nan yana buɗe can, ko ka rubuta saƙo haruffa suna tsalle, to mafi yawan lokaci ba wayar ce ta lalace ba, cazar ce take ba da wuta mai datti. Na gwada wayata a jone a shagon nan ina amsa kwastoma, sikirin lafiya lau. Yana kuma sayar da caza, kala biyu, kuma abin da na ji daɗi shi ne ba ya ɓoye maka. Zai ce "Malam wannan mai araha ce, za ta yi maka caji amma ban ba ka tabbacin wata uku ba, wannan kuma ta fi tsada amma ita nake jonawa a nan." Daga kasuwar waya ta Farm Centre yake saro kayan, kuma ya nuna min rubutun da ke jikin kan caza, inda ake sa 100-240V, ya ce caza ta kirki tana jure wuta ta ɗan yi ƙasa ko sama a tsakanin nan, amma jabu ma suna buga wannan rubutun, don haka rubutu kaɗai ba hujja ba ne, a duba nauyi, a duba ko tana yin zafi fiye da kima ko tana wani ƙaran tsiii in an jona.

Wani abu da na gani da idona. Wani saurayi ya kawo waya, murfin bayanta ya ɗaga har ana hango ciki ta gefe, ya ɗaure ta da robar kuɗi. Mai shagon ya juya ta ya ɗora a kan kanta, sai ga waya tana lilo ba ta kwanta daidai ba. Ya ce masa "ƙanena batirin nan ya kumbura, ba zan jona ta ba, ka je a canza maka tun bai yi maka ɓarna a aljihu ba." Yaron ya yi ta roƙo wai ko na minti goma ne, ya ce ko an ninka kuɗin ba zai saka ta cikin wayoyin mutane ba. Yaron ya tafi ransa a ɓace, ni kuwa a nan mutumin ya ƙara girma a idona. Kumburin nan iska ce take taruwa a cikin batir in ya lalace, kuma in aka matsa shi ko aka huda shi ko aka ci gaba da cusa masa wuta yana iya kamawa. Masu bibiyar harkar waya za su tuna Galaxy Note 7 a 2016, yadda aka janye ta gaba ɗaya daga kasuwa har aka hana shiga jirgi da ita saboda batirin yana kama wuta. Shago mai wayoyin mutane da yawa a jere, waya ɗaya ta isa ta jawo asarar da ba zai iya biya ba.

Mai shagon yakan tambayi wasu, a cika ko a cire in ta kai kashi 80? Wannan ma gaskiya ne yana da tushe, shi ya sa iPhone 15 ta zo da wurin da za ka tsayar da caji a kashi 80, wayoyin Samsung ma suna da irin wannan tsarin na kare batir a cikin saitin. Amma a nan ni ra'ayina ya ɗan bambanta da nasa. Wannan shawarar ta fi dacewa da wanda yake da wuta a gida ko a ofis, da zai iya jonawa duk lokacin da ya ga dama. Mu da muke biyan kuɗi a yi mana caji kuma ba mu san yaushe za a kawo wuta ba, in ka ce a tsaya a 80 to kafin dare wayar ta mutu, kuma barin batir yana faɗuwa zuwa sifili kullum shi ma yana gajiyar da shi. Ni dai ina cewa a cika min, amma da ta cika a cire, kada ta kwana a jone cikin zafi, kuma yana cirewa ɗin, yana zagayawa lokaci-lokaci yana duba wadda ta cika ya zare ta ya mayar gefe. Sannan tsohuwar maganar nan da ake cewa sai ka bari waya ta mutu ɗungurungum kafin ka yi caji, ko sabuwar waya sai ta yi awa takwas a jone, wannan ta zamanin tsofaffin batiran nikel ce, ba ta shafi na yanzu ba.

Kuɗi. Waya naira 200 yake karɓa, fawa bank kuma ya danganta da girmansa, nawa mai ɗaukar caji 20,000mAh ne kuma ninki yake karɓa saboda yana daɗewa a jone. Wasu suna cewa ya yi tsada tunda rana kyauta ce. In don wutar ce kawai, gaskiya ba wani abu ba ne, batirin waya mai 5,000mAh kusan kashi biyu cikin ɗari na yunit ɗaya na mita yake sha, ko da farashin Band A, wato rukunin da ya fi biyan kuɗin wuta da tsada, na naira 225 kowane yunit da aka sa a watan Afrilun 2024 aka lissafa, bai kai naira 10 ba. Amma ba wutar kake biya ba, kana biyan farantai da inbata da batiran da shi ma wata rana sai ya canza su, da hayar wuri, da zaman da yake yi yana gadin wayarka. Kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 masu janareta ma ba su bar farashinsu yadda yake ba. A watan Oktoban 2024 da aka yi kwana da kwanaki babu wuta a yawancin Arewa, duk wanda yake nan ya ga yadda layin caji ya koma, kuma tun daga lokacin ne na ga mutane sun fara ɗaukar masu sola da muhimmanci.

Tunda na ambaci fawa bank bari in faɗi wani abu da mutane suke rigima da shi a kai. Sai mutum ya ce fawa bank ɗinsa mai 20,000 ne, wayarsa mai 5,000, don haka dole ya cika ta sau huɗu, in bai yi ba sai ya ce mai caji bai cika masa ba. Ba haka lissafin yake ba. Adadin da aka rubuta na batirin ciki ne mai bolt 3.7, kafin wutar ta fito sai an ɗaga ta zuwa bolt 5, ga wadda take tafiya a zafi, don haka sau uku ko ƙasa da haka za ka samu ko da orijinal ne. In kuwa da kyar yake cika waya sau ɗaya, to ko ya tsufa ko tun asali ƙarya aka rubuta a jikinsa.

Yanzu abin da bai yi min ba. Na farko yaron da yake bari a shago in ya tafi masallaci ko cin abinci, yaron kirki ne amma ba shi da kular ubangidansa ko kaɗan, in mutane suka yi yawa bayan magariba sai ka ga ya fara ɗora waya kan waya, kondom ma ba ya cirewa, kuma na taɓa tarar da fankar ya juyo ta kansa. Na gaya wa mai shagon, ya ce zai yi masa magana, an ɗan samu sauƙi amma ba a daina gaba ɗaya ba, shi ya sa nake ƙoƙarin kai tawa da safe lokacin da shi yake nan.

Sai kuma igiyoyi. Masu tsohon baki sun fi yawa a shagon, alhali wayoyin da ake saye yanzu kusan duk taif-si ne, sai ka zo ka tarar babu gurbi ka tsaya jira, kuma wasu igiyoyin sun saki har sai an ɗan karkata su kafin su kama, irin wannan tana lalata bakin cajin waya a hankali. Masu iPhone ma gara kawai su zo da tasu. Ni yanzu da cazata nake zuwa, ya manna mata lamba ɗaya da ta wayar, kuma hakan ya fi ma saboda waya mai caji da sauri ba ta yin saurin sai da kan caza da igiyar da suka dace da ita, in ba haka ba ka dawo bayan awa biyu ka tarar tana 60.

Lokacin damina in hadari ya rufe kwana biyu a jere, ko lokacin hunturu da hazo yake sauka ƙura ta lulluɓe farantan, batiransa ba sa cika, duk da ina ganinsa da sassafe ya hau yana goge su da tsumma. A irin ranakun nan yakan daina karɓar fawa bank tun da la'asar don wutar ta ishi wayoyi, kuma ba ya sanarwa sai ka zo da kayanka ka ji. Da zai rubuta a ɗan allo ya rataye a bakin ƙofa tun da rana, da ya hutar da mutane tafiyar banza, don akwai masu tahowa daga bayan layi da yaran da ake aikowa daga cikin gida.