Kwana biyu a Rameswaram da motar haya da ɗan jagora: abin da na biya da abin da na tarar

Jinyar yayana ce ta kai ni birnin Chennai na ƙasar Indiya. Bayan an yi masa aiki, likita ya ce sai an jira kwana goma kafin a sake duba shi. Matarsa tana tare da shi dare da rana, don haka shi da kansa ya ce mini, "Kai, tashi ka je ka ga ƙasa, zaman asibitin nan ya ishe ka." Na hau jirgin ƙasa zuwa Madurai, a can na biya wani ƙaramin kamfanin yawon buɗe ido kuɗin tafiyar kwana biyu zuwa Rameswaram. Kuɗin ya haɗa da mota da mai da direba da ɗan jagora mai jin Turanci da ɗakin kwana ɗaya. Abinci kuwa daga aljihuna.

Rameswaram gari ne na ziyarar ibadar mabiya addinin Hindu a tsibirin Pamban da ke jihar Tamil Nadu, kimanin kilomita 170 daga Madurai. Motar tsaf take, sanyinta yana aiki, direban kuma ba mai ganganci ba ne. "Anna" yake ce mini, wato yaya da Tamilanci. Da muka hau gadar mota da aka buɗe a 1988, ya rage gudu don in hango gadar jirgin ƙasa ta 1914 da sabuwar da ta maye gurbinta a Afrilun 2025, wadda tsakiyarta ke ɗagawa sama jiragen ruwa su wuce.

Bari in fara da abin da ya ɓata mini rai. Tun a ofis na gaya musu ni Musulmi ne, na tambaya ko akwai inda ba zan shiga ba. Mai karɓar kuɗin ya ce ko'ina a buɗe yake. Ba haka ba ne. Ɗan jagoran, wani dattijo haifaffen tsibirin da muka haɗu da shi da magariba, shi ya zaunar da ni ya faɗa mini gaskiya: can cikin ɗakin bauta na babban haikalin garin na mabiya addinin Hindu ne kawai, kuma a Janairun 2024 babbar kotun Madras, wato babbar kotun jihar, ta ba da umarnin a kafa alluna a haikalan jihar cewa wanda ba Hindu ba kada ya wuce sandar tutar da ke harabar haikali. Dokar ba ta dame ni ba ko kaɗan, mu ma muna da wuraren da wanda ba Musulmi ba ba ya shiga, kuma ni dama ba bauta ta kawo ni ba. Ƙaryar da aka yi mini don a karɓi kuɗina ita ce ta tsaya mini a wuya.

Dattijon nan shi ya gyara tafiyar. Ba tare da na roƙa ba ya nuna mini masallaci a daren, da asuba kuma ya jira ni a bakin ƙofa har na idar da salla, sannan muka gangara bakin tekun da suke kira Agni Theertham, 'yan taku kaɗan daga ƙofar gabas ta haikalin Ramanathaswamy. Nan masu ziyarar ibada ke fara wanka. Ruwan a kwance yake kamar tafki. Na ga wata tsohuwa da ba ta iya miƙewa sosai, ɗanta ya riƙe ta da hannu biyu yana tafiya da baya da baya har ruwa ya kai musu ƙugu, ta nutsa sau uku tana kuka a hankali. A kan tudu wani magidanci da aka yi wa aski ƙwal yana zaune gaban limaminsu, da curin shinkafa jere a kan ganyen ayaba, yana maimaita abin da ake karanta masa. Jagoran ya raɗa mini cewa sadaka ce ga mahaifinsa da ya rasu. Addinina ya bambanta da nasu nesa ba kusa ba, amma fuskar ɗan da ke kewar ubansa na san ta. Abin takaicin wurin shi ne ƙazanta: wasu suna barin tufafin da suka yi wanka da su a cikin ruwa, sai ka ga tsummoki suna yawo a gaɓa.

Kafin shiga haikalin sai an ajiye takalmi da waya, don ba a yarda da ɗaukar hoto ba. Ƙasan a jiƙe yake sharkaf, saboda rijiyoyi 22 da ke ciki. Masu ziyara suna bi ɗaya bayan ɗaya, a kowace rijiya wani ma'aikaci ya jefa guga ya jawo ya kwara musu a ka, suna gudu-gudu zuwa ta gaba, zannuwa manne a jiki. Sun yi imani ruwan yana wanke zunubi, kuma suna cewa ɗanɗanon kowace rijiya daban yake. Wani mai guga ya ɗaga zai zuba mini, jagoran ya sa hannu ya yi masa magana biyu da Tamilanci, mutumin ya sauke gugan ya dafa ƙirji. Ba wanda ya sake matsa mini.

Barandar waje ita ce abin kallon. Ginshiƙan dutse fiye da 1,200 ne a jere, kowanne da sassaƙa, rufin kuma an zane shi da launuka, in ka tsaya a wannan kai sai ka ga ɗaya kan ya tsuke kamar bakin allura. Sarakunan Sethupathi na Ramanathapuram ne suka gina mafi yawanta. Muna tafe yana ba ni labarin yadda suka yi imani cewa Rama, gwarzon da suke bauta wa, ya bauta wa ubangijinsu Shiva a nan don neman tsarki bayan ya kashe Ravana sarkin Lanka, ya aiki hadiminsa Hanuman ya ɗauko dutsen bauta daga arewa, da ya yi jinkiri sai Sita matar Rama ta cura wani da yashi. Shi ya sa garin yake cikin manyan wuraren ziyara huɗu na Hindu, tare da Badrinath da Dwarka da Puri, har wasu ke ɗauko ruwan kogin Ganga daga Varanasi su kawo nan. Duk bayaninsa "mu mun yarda cewa" yake farawa da shi, bai taɓa neman in amsa masa ba. Da muka iso iyaka ya ce, "Yallaɓai, nan za mu tsaya," muka juya.

Daga nan ya kai ni gidan da A.P.J. Abdul Kalam ya tashi, a Titin Masallaci. An haife shi a garin a 1931, ya shugabanci Indiya daga 2002 zuwa 2007, kuma a tsibirin aka binne shi a 2015. Mahaifinsa limami ne mai kwalekwale, wanda ke ɗaukar masu ziyarar Hindu zuwa Dhanushkodi, wani gari a can ƙarshen tsibirin. Gidan ya zama gidan tarihi, rabin awa ta isa.

Laifi na biyu bayan cin abincin rana ya faru. Direban ya ce kamfani ya wajabta masa tsayawa a wani shagon kwanson teku da sarƙoƙin lu'ulu'u. Kowa ya san kamasho ne. Fiye da awa guda ta tafi a banza, ga shi 'yan sanda suna rufe hanyar Dhanushkodi da yamma. Sai a gurguje na ga wurin da ya fi ko'ina taɓa ni. Garin yana nan da tashar jirginsa da cocinsa da gidan waya har zuwa daren 22 ga Disamban 1964, lokacin da mahaukaciyar guguwa ta shafe shi, ta tafi da jirgin ƙasa ɗauke da fasinja fiye da 100. Yanzu kangaye ne a cikin rairayi, masunta sun kafa bukkoki a gefensu suna soya kifi. A ƙarshen hanya, a Arichal Munai, teku ne hagu da dama, ɗaya a natse ɗaya yana tumbatsa, Siri Lanka kuma kimanin kilomita 30 ce a gaba. Jerin tsibiran yashin da ke tsakani Hindu suna ce masa gadar Rama, a taswira kuwa Gadar Adamu ce, saboda tsohon labarin da ke cewa a Siri Lanka Annabi Adamu ya sauka. Minti ashirin kacal na samu, a ciki na yi la'asar a kan yashi.

Masaukin ba yabo ba fallasa: shimfiɗa mai tsabta, ruwan wanka mai gishiri-gishiri, kuma ba nama a duk gidajen abincin da ke kewaye da haikalin, sai shinkafa da miyar ganye da waina irin tasu.

Wanda zai je, ya sa a rubuta masa a takardar biyan kuɗi cewa babu tsayawa shago, ya nemi a kai shi Dhanushkodi da hantsi, ya kuma tafi da takalmin da ba zai ji ciwon ajiyewa a waje ba. Dattijon na ƙara masa kuɗi daga aljihuna na karɓi lambarsa, don in Allah ya sa muka dawo duba yayana baɗi, shi zan kira kai tsaye. Kamfanin kuwa na rubuta musu ƙorafi biyun nan tun ina Chennai, sun amsa da godiya, ba su ce komai a kan ko ɗaya ba.