Taron Ƙaddamar da Gidauniya ko Rajista da Asusun Banki: Wanne Ya Fi Kawo Masu Taimako?

Hajiya, na ga tambayarki game da ɗan kuɗin da ƙungiyarku ta tallafa wa marayu ta tara, ko a kashe shi wajen shirya taron ƙaddamar da gidauniya, ko kuwa a yi rajista da shi a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya. Ku zaɓi rajista da asusu, kuma ban ga dalilin da zai sa ku yi jinkiri ba. Tamu ƙungiyar ta kashe kuɗi a kan duka biyun, don haka abin da zan faɗa miki da idona na gan shi.

Taron ƙaddamarwa yana sa a ji sunan ƙungiya a gari na 'yan kwanaki, kuma a wurinmu iyakar amfaninsa ke nan. Bayan an biya hayar ɗakin taro da kujeru da lasifika da katin gayyata da abincin baƙi, abin da ya rage a hannu bai taka kara ya karya ba, manyan alƙawuran da aka yi ta sanarwa ana kabbara kuwa sai da ma'ajinmu ya gaji da zarya ofis-ofis, yawancinsu ba su fito ba. Wanda ya bayar domin an kira sunansa a gaban jama'a kunya ce ta sa shi, ita kuwa kunya ba ta dawo da mutum a wata mai zuwa.

Rajistar ita ce ta sauya mana komai. Ƙungiya irin taku ana yi mata rajista ne a Hukumar Rajistar Kamfanoni ta Nijeriya, CAC, a ƙarƙashin sashen amintattu na dokar kamfanoni ta 2020. Za ku zaɓi amintattu, wato mutanen da za su riƙe amanar ƙungiya da dukiyarta, ku rubuta kundin tsarin mulkin ƙungiya, a buga sanarwa a jaridu biyu, sannan a jira kwana 28 ko akwai mai ƙorafi a kan sunan ko a kan amintattun. Idan takardar ta fito, sai ku nemi lambar haraji da kuma takardar shaidar SCUML, sashen hana halasta kuɗin haram da ke ƙarƙashin hukumar EFCC, domin bankuna kan nemi su kafin su buɗe wa ƙungiya asusu. Mu a bankin da ba ya mu'amala da ruwa muka buɗe namu, saboda yawancin masu taimaka mana hankalinsu ya fi kwanciya da hakan; akwai Jaiz wanda ya fara aiki a 2012, akwai TAJ, akwai Lotus. Ku sharɗanta cewa kuɗi ba ya fita sai mutum biyu sun sa hannu, kuma kada su kasance 'yan gida ɗaya.

Akwai wani ɗan kasuwa a Kantin Kwari wanda muka daɗe muna kai masa takardar neman taimako, kullum ya karɓe mu da fara'a, ya yi mana addu'a, ya sallame mu da abin da bai wuce kuɗin mota ba. Bayan mun buɗe asusu, sakatarenmu ya ba shi lambar a gaban shagonsa. Da ya danna ta a waya ya ga sunan ƙungiya ya fito maimakon sunan wani mutum, sai ya tura abin da ya sawwaƙa nan take, ya ce dama abin da yake jira ke nan, domin an taɓa karɓar kuɗinsa da sunan marayu a asusun wani, daga baya ko labari bai sake ji ba. A ranar muka aika masa da saƙon godiya da rasit, da zangon karatu ya ƙare kuma muka kai masa takarda shafi ɗaya mai nuna abin da ya shigo, da abin da aka biya na makaranta da magani da abinci, da abin da ya rage. Har yau yana bayarwa kowane wata, kuma shi ya jawo mana maƙwabtansa na layi da wani ƙaninsa da ke zaune a Saudiyya, wanda ba mu taɓa ganin fuskarsa ba. Allah ya saka masa da alheri.

Sai dai kada a ɗauka takardar CAC ita kaɗai za ta riƙe muku mutane. Takardar ƙofa take buɗewa, abin da ke zaunar da mai taimako shi ne abin da ya biyo bayan kyautarsa ta farko. Ku sayi babban littafi guda, ko ku buɗe jadawali a kwamfuta idan kuna da ita, ku riƙa rubuta sunan duk wanda ya bayar, da lambar wayarsa, da ranar da ya bayar, da abin da ya ce a yi da kuɗin. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci ƙwarai, domin zakka tana da mutanenta takwas da aka ambata a aya ta 60 ta Suratut Tauba, ba a gwama ta da sadakar da za a iya biyan hayar ofis da ita. Mai ilimin da ya tambaye ku yadda kuke rarrabe su, ya ji kuna inda-inda, ba zai sake ba ku zakkarsa ba, kuma yana da gaskiya. Haka nan wanda ya ce a ɓoye sunansa a ɓoye, kada a wayi gari ya gan shi a Facebook. Su ma marayun kada a riƙa ɗaukar hotunansu a cikin tsumma ana yaɗawa domin a tsuma zukata; yaro yana girma, hoton kuma ba ya gogewa, sannan masu mutunci da yawa irin wannan hoton korar su yake yi.

Ta fuskar lissafi ma, ƙaramin abu mai ɗorewa ya fi rufa asiri. Idan mutum 50 suka amince da naira 2,000 kowane wata, kuna da naira 100,000 a wata, wato miliyan 1.2 a shekara, kuɗin da za ku iya dogara da shi ku ce wa shugaban makaranta ga ranar da za a biya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya nuna aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne, kuma idan aka tuna wa mutane wannan ba sa jin nauyin shiga da ɗan abin da suke iyawa. Lokacin da ya fi dacewa a nemi sababbin mutane shi ne Sha'aban, kafin hannaye su buɗe a Ramadan, ku riga ku shirya rahoton bara a hannu.

Akwai abin da ba ki tambaya ba amma dole in faɗa, shi ne ku yi hattara da dillalan rajista. Wasu za su karɓi kuɗinku su kawo takarda mai kyan gani da hatimi, sai an je banki a gano ta jabu ce. Kada ku cika wa kowa kuɗinsa sai kun shiga shafin binciken CAC na intanet da kanku, kun rubuta sunan ƙungiyar kun ga ya fito da lambarsa. Rajistar SCUML kyauta ake yin ta, don haka duk wanda ya ce akwai kuɗin hukuma a kanta, aljihunsa yake nufi. Mafi muni su ne masu sayar da jerin sunayen wai masu ba da tallafi daga Turai da ƙasashen Larabawa, da masu cewa an ware muku tallafi amma sai kun fara tura kuɗin cike takarda. Mai bayarwa na gaskiya ba ya neman ku biya shi kafin ya ba ku. Shi ma wanda zai nemo muku kuɗi a kan a yanka masa kamasho ku nisance shi, domin ranar da mai taimako ya ji an yanki wani kaso na sadakarsa an ba ɗan tsakiya, kun rasa shi tare da duk wanda zai ba wa labari.

Saboda haka, Hajiya, ku fara da zaɓen amintattu a zamanku na gaba, ku nemi lauya ko akanta da wani a cikinku ya sani ya yi muku rajistar, ku kuma ware ɗan abin da za a riƙa biyan kuɗin rahoton shekara-shekara da CAC ke buƙata, domin ƙungiyoyi da dama kan manta da shi har a ɗora musu tara. Idan kun yi shekara guda kuna aika wa mutanenku rahoto a kan kari, kuna iya kiran su ƙaramin zama a harabar makarantar unguwa, a karanta musu lissafi, a sha shayi, kowa a roƙe shi ya zo da mutum ɗaya.