Adon bango: yumbun gida ko tangaran na waje?

Hajiya, kin ce kina son ki ƙawata bangon falonki da faranti masu zanen ganye da furanni, amma kin rasa wanda za ki ɗauka: na yumbu da maginan tukwane na nan gida za su gina miki, ko na tangaran mai ƙyalli da ake shigowa da shi daga waje. Duka biyun ƙasa ce da aka gasa, amma ba irin wuta ɗaya suka sha ba, kuma daga nan bambancinsu ya taso.

Mafi yawan maginanmu a fili suke gashi: a jera kaya, a lulluɓe da kara da itace da busasshen kashin shanu, a cinna wuta. Zafin irin wannan gashi bai cika wuce digiri 900 ba, don haka jikin kayan yana shan ruwa, shi ya sa randa take tsattsafo ta sanyaya abin da ke cikinta. Tangaran na ƙasar Sin kuwa a rufaffiyar tanda ake gasa shi, zafi ya haura digiri 1200. Na Maroko, wanda garuruwan Fas da Safi suka yi suna a kansa, bai kai wannan zafi ba, amma ana shafa masa wani haɗi da ke narkewa a wuta ya zama kamar gilashi ya rufe fuskar farantin.

To ki kawo wannan Damagaram, inda ƙurar hunturu take shiga ɗaki ko an rufe taga. Tangaran, tsumma mai laima ya wadatar. Yumbu kuwa ƙura tana kwanciya a cikin tsagar zane, sai an bi da burushi mai laushi a bushe. In kika sa jiƙaƙƙen tsumma, farar ƙasar da aka yi ado da ita tana iya bin tsumman. Hayaƙin turaren wuta da maiƙon girki ma yana shansu, kuma in ya sha ba ya saki. A nan tangaran ya yi gaba, babu musu.

Amma a wajen zane ni na fi karkata ga na gida. Furannin da ke jikin tangaran na lambun wasu ne, kuma da yawa daga abin da ake sayarwa da sunan aikin hannu na masana'anta ne, an manna zanen kawai. Ki ɗauki biyu ki jera: in komai ya zo daidai har ɗigo, inji ne; aikin hannu za ki ga sawun burushi, wani wuri launi ya yi kauri, wani wuri ya yi haske. Magini kuwa, ko a nan gari ko a Mirya, wadda ta shahara da ginin tukwane kuma tafiyar kusan kilomita 18 ce kawai, za ki iya kai masa ganyen kuka mai yatsu biyar, ko reshen dogon yaro, ko zangarniyar gero, ya danna a ɗanyen yumbu ya ɗaga, jijiyoyin ganyen su fito tsaf. Kuma ba sabon abu ba ne a garin nan a ce ƙasa ce adon bango. Wanda ya zaga unguwar Birni ya ga zanen da magina suka fitar a fuskar tsofaffin gidaje ya san haka. Ganye da fure kuma sun raba ki da surutun baƙi a kan surar abu mai rai.

Sai dai ki yi hattara da abu ɗaya wajen ba da aikin. Hannun da ya saba da tulu da kasko bai saba da shimfiɗaɗɗen abu ba, kuma yumbu mai faɗi kamar allo yakan lanƙwashe ko ya tsage wajen bushewa, musamman a zafin Afrilu. Ki ce a yi shi da ɗan zurfi kamar faifai, kada faɗinsa ya wuce na faifan, a shanya a inuwa. Ki ba da aikin fiye da adadin da kike buƙata, don wuta takan ci rabonta. Hujin rataya kuma tun yana ɗanye za a yi shi, guda biyu, don in ya gasu aka ce za a huda, yana iya fashewa. Tangaran ma ki juya bayansa kafin ki biya. In babu huji, sai an nemo masa maƙalin waya.

Rataya ba ta da dogon bayani. Bangon siminti a huda a sa roba da ƙusa mai murɗi. Bangon ƙasa ba ya riƙe ƙusa da kaya mai nauyi, gara a kafa katako a rataya a jikinsa. In ya faɗo, duka biyun sun tafi, sai dai na gida ana sake gina wani, na waje kuwa da wuya ki samu ɗan'uwansa ko kin zaga kasuwar Dole.

Farantin tangaran na ado kada a zuba abinci a ciki, don wasu masu launi ana sa dalma a haɗin ƙyallinsu.

In da ni ce, zan jera na yumbu biyar ko bakwai a bangon da ke nesa da ƙofa da kaskon turare, sama da inda hannun yara ke kaiwa, a kan farin fenti don jan ƙasar ya fito. Tangaran kuma ya tafi bangon wajen cin abinci da na baranda, inda dole sai an riƙa gogewa.