Kwas ɗin duba mara lafiya na intanet: ya yi mini rana, amma akwai inda ya ɓata mini rai

Wata huɗu ke nan da na gama kwas ɗin nan da ake ta turo wa nas-nas tallarsa a waya, mai koyar da duba mara lafiya daga kai har ƙafa.  Abokan aiki da dama sun tambaye ni ko ya cancanci a biya, na ce su dakata sai na ga abin da zai tsinana mini a bakin gado, don kowane bidiyo yana da kyau idan kina zaune kina kallo.

Shekarata tara ina aikin jinya. Abin da ya kai ni ga yin rajista shi ne na lura hannuna ya fara sanyi. Na'ura ke awon jini, na'ura ke ba da bugun zuciya, a maƙala wata a yatsa ta ba da oksijin, ni kuwa in kwafe lambobi a takarda. Abin sauraron ƙirji yana rataye a wuyana, amma sai in yi mako guda ban ɗora shi a bayan kowa ba. Abin ya dame ni ƙwarai.

Tsarin darussan ba sabo ba ne: duba da ido, taɓa da hannu, ƙwanƙwasa, sannan ki saurara, in ban da ciki da ake saurara kafin a danna don kada a canza motsin hanji. Wannan duk mun yi shi a makaranta. Akwai kuma dogon darasi kan tarihi, yadda wani likita mai suna Laennec ya naɗe takarda ya saurari ƙirji a Faransa a 1816, wanda na kalla sau ɗaya na wuce. Darasin da ya tsaya mini shi ne na numfashi. Malamar da ke koyar da darasin ta nace, ta sake nacewa, cewa a ƙirga numfashi na cikakken minti guda, kada a ƙirga na daƙiƙa 15 a ninka, kuma kada mara lafiya ya san ana ƙirgawa, domin da ya sani zai canza shi. Ta ce ki riƙe hannunsa kamar kina jin bugun jijiya, idonki kuma yana kan ƙirji. Ta ce sau da yawa numfashi ne ke fara canzawa kafin hawan jini ya nuna komai, kuma shi ne awon da aka fi rubutawa da ka. Da na ji haka sai jikina ya yi sanyi, don na san yadda muke cika layin numfashi a takardar mara lafiya da 18 da 20.

To ga abin da ya faru. Ina aikin dare, aka miƙa mini wata dattijuwa da ta kwana biyu ana yi mata ƙarin ruwa saboda ta zo jikinta a bushe. A wajen miƙa aiki an ce da sauƙi sosai, ana ma tunanin sallamarta. Takardarta tsaf: numfashi 20, 20, 20, tun safe. Wajen ƙarfe biyu na zo wucewa na tarar da ita a zaune a bakin gado, ta dafe katifa da hannu biyu.

Na ce, “Mama, ba ki kwanta ba?”

Ta ce, “'Yata... ƙara mini... matashi.”

Matashi biyu na riga na gani a bayanta. Da a da ne, zan kawo na uku in gyara mata, in yi mata sannu in wuce. Amma yadda ta tsinka maganar nan gida uku, tana jan iska tsakanin kalma da kalma, shi ne ainihin abin da aka nuna a darasin: wanda bai iya kai jimla ƙarshe a numfashi ɗaya, kuma ya ƙi kwanciya. Na maƙala mata na'urar yatsa, ta nuna 95. Hawan jini 150 bisa 88. Zafin jiki lafiya lau. Idan lambobi za a bi, babu abin tayar da likita daga barci.

Na riƙe hannunta na kalli agogo. Minti guda cur, numfashi 28. Na sake, 28. Bugun jijiya 112. Babban mutum a hutawa tsakanin 12 da 20 yake numfasawa, don haka wannan ya yi nisa. Na ce ta ɗan sunkuyo gaba, na ɗaga rigarta na sa abin sauraro a kan fata kai tsaye, don kwas ɗin ya hana saurare ta saman tufa. Na fara daga sama, dama da hagu ina kwatantawa, ina sauka kamar tsani. A sama iska na shiga wasai. Da na sauka ƙasa da allon kafaɗa sai na ji shi, a ɓangarorin biyu, daidai ƙarshen jan numfashi: ƙara siririya, kamar ki kama gashi kusa da kunne ki murza tsakanin yatsu. Na sa ta yi tari, na sake saurara, yana nan bai gushe ba. Sautin nan na saurare shi a wayata ya fi sau talatin, amma jinsa a bayan mutum mai rai da ƙarfe biyun dare, sai da tsigar jikina ta tashi.

Daga nan sai komai ya riƙa haɗuwa. Na jingina ta a rabin zaune, abin da ake kira digiri 45, na ɗan juya kanta hagu, na haska fitila daga gefe. Jijiyar wuyanta ta cika, tana motsi har kusa da muƙamuƙi. Ƙafafunta ba su da wani kumburin kirki, kuma na tabbata shi ya sa ba wanda ya kawo komai a ransa, amma malamar ta ce wanda ya daɗe a kwance ruwa a ƙasan bayansa yake taruwa. Na danna wurin da babban yatsa, ramin ya zauna. Na ɗauko takardar ruwa na tara: abin da ya shiga a yini guda ya haura lita 3, fitsarin da aka rubuta bai kai 700 ba. Ruwan da muka sa mata don ta farfaɗo shi ne ya fi ƙarfin zuciyarta, yana komawa huhu.

Na zaunar da ita sosai, na rage gudun ruwan zuwa ɗigon da zai hana allura toshewa kawai, na kira likita. A nan ma kwas ɗin ya taimake ni. Akwai darasi kan NEWS2, ma'aunin gane mara lafiyar da jikinsa ke tsananta, wanda ƙungiyar likitocin Ingila ta fitar a 2017, inda ake ba kowane awo maki. Numfashi 25 ko sama maki 3 ne, bugu 112 maki 2, oksijin 95 maki 1. Jimla 6, kuma daga 5 ana buƙatar duba na gaggawa. Da 20 ɗin nan na rubuta kamar sauran, da jimlar ta tsaya a 3, da kowa ya ci gaba da barcinsa. Ban ce masa “Likita, mamar nan ba ta yi mini ba” kamar yadda na saba. Na ce, “Likita, numfashi 28, bugu 112, akwai ƙarar ruwa a ƙasan huhu duka biyu, jijiyar wuya ta cika, ruwan da ya shiga ya fi wanda ya fita da sama da lita 2, ina ganin ruwa ne ya yi mata yawa, ina so ka zo yanzu.” Bai yi mini tambaya ko ɗaya ba. Ya zo, ya saurara, ya tsayar da ruwan, ya rubuta allurar fitsari da oksijin. Kafin in miƙa aiki numfashinta ya sauko 21, ta jingina tana barci. Da zan tafi ta kama hannuna ta ce, “Allah ya yi miki albarka, 'yata,” a numfashi ɗaya, ba tsinkewa.

A safiyar nan da an ba ni wurin zaɓe, tauraro biyar zan danna, in ƙara da kiran duk wanda na sani ya je ya yi rajista.

Sai dai akwai wani abu a daren da ya ƙi barina. Likita ya ɗebi jini a jijiyar wuyan hannu aka gwada, oksijin ɗinta 89 ne, alhali na'urar yatsa tana ta nuna 95. Dattijuwar nan baƙa ce sosai. Na koma darasin na'urar yatsa na sake kallo daga farko. Sun yi maganar yatsa mai sanyi, sun yi maganar jan farce, sun yi maganar motsi da rawar hannu. Launin fata ko sau ɗaya ba su ambata ba. Kuma wannan ba ɓoyayyen abu ba ne. A 2020 masu bincike a Jami'ar Mishigan ta Amurka sun kwatanta abin da na'urar ke nunawa da gwajin jini, suka gano cewa idan ta nuna tsakanin 92 da 96, a baƙaƙen fata kashi 11.7 cikin 100 na awon oksijin ɗin gaskiya yana ƙasa da 88, a fararen fata kuwa kashi 3.6. Sama da ninki uku ke nan. Kwas da ake sayar wa nas-nas a ko'ina, ya ce mini 95 lafiya ne, ya yi shiru a kan wannan? Da na tsaya a kan abin da suka koya mini game da na'urar, da darasinsu ɗaya ya rushe ɗayan.

Da na fara tonawa sai na ga abin ya wuce nan. Darasin fata gaba ɗaya a kan farar fata aka gina shi. Ƙarancin iska: leɓe zai yi shuɗi. Ƙarancin jini: fuska za ta yi fari. Gyambon kwanciya a matakin farko: wuri zai yi ja, in an danna ba ya washewa. Na ƙirga hotunan, biyu ne kacal na mai duhun fata, su ma ba a yi bayani a kansu ba. Mafi yawan waɗanda nake jinya ba za ki taɓa ganin ja ko shuɗi a jikinsu ba. Shuɗin nan a baƙar fata toka-toka yake fitowa, sai kin buɗe baki kin duba harshe da dasashi da cikin leɓe. Ƙarancin jini sai kin ja fatar ido ƙasa, kin buɗe tafin hannu. Shawara a farin ido da ganda ake nemanta, a hasken rana in da hali. Gyambon kwanciya kuwa hannu ne ke gano shi kafin ido: wurin ya fi kewayensa ɗumi ko sanyi, ya yi tauri, launinsa ya ƙara duhu. Duk wannan a wurin wata tsohuwar sista na koye shi shekarun baya, a tsaye a bakin gado. Ɗalibar da ba ta samu irinta ba, ta dogara da wannan kwas, za ta juya mara lafiya tana neman ja, ba za ta gani ba, ta rubuta fata lafiya, bayan kwana uku wuri ya buɗe. Wannan shi ne ya fi ƙona mini rai, don ba kuskuren da zai tsaya a kan takarda ba ne.

Na rubuta wa masu kwas ɗin cikin ladabi, na bayyana abin da na gani. Amsar da ta dawo ta na'ura ce, godiya da alkawarin za a duba. Na sake rubutawa, shiru. Abin da ya zo bayan wata guda shi ne saƙon an cire mini kuɗin sabunta rajista, alhali na gama darussa, kuma babu inda aka sanar da ni kafin a cire. Sai da na yi kwana huɗu ina lalube kafin na gano inda ake kashe shi.

Tunda na fara, bari in ƙarasa. Sautukan zuciya sun yi tsafta fiye da kima. Sauti na uku, wato ƙarin sauti bayan biyun da zuciya ta saba yi, wanda ake nema da ƙaramin bakin abin sauraro a tsakanin haƙarƙari na biyar da na shida, a wayar yana fita raɗau kamar ganga. A ɗakin da fanka ke juyawa, na gadon kusa yana tari, mara lafiyar kuma tana da jiki, har yau ban iya rantsewa na ji shi. Da sun haɗa da sautukan da aka ɗauka a cikin hayaniyar ɗaki da sun kyauta. Ƙwanƙwasa ƙirji kuma bidiyo ba ya koyar da ita, ko me za su ce. Sai da wani abokin aiki ya kama hannuna ya nuna mini cewa daga wuyan hannu bugun ke fitowa, kuma yatsa ɗaya ne kawai ke manne da fata, sannan na fara bambance wurin iska da wurin ruwa.

Yanzu idan aka tambaye ni, ina cewa tauraro uku. Darussan numfashi, huhu, jijiyar wuya da yadda ake kai rahoto ga likita sun ci kuɗinsu, kuma akwai baiwar Allah da ta koma gida da ƙafarta saboda su. Ki biya na wata ɗaya, ki kashe sabuntawa a ranar da kika shiga, ki saurari sautukan da abin kunne mai kyau, kuma duk darasin da kika kalla ki gwada shi a aikinki na gaba kafin ya sha ruwa. Darasin fata da na na'urar yatsa kada ki tsaya a kansu, ki nemi babbar sista ta zagaya da ke gado-gado. Na tura musu saƙo na uku makon jiya, har da hoton takardar gwajin jinin bayan na rufe suna da lamba, kuma har yanzu ina jiran amsa.